Shafin da Na Hana Ƙanena

Sai da ƙanena ya shekara biyu a kabari kafin in nemi in ga wasan da ya yi. Da wannan zan fara, don kada mai karatu ya ɗauka ni ne mutumin kirki a labarin nan tun daga farkonsa.

Fatauci ne ya kawo kakanmu Yerwa, nan Borno, daga ƙasar Kano, ya ga wuri ya zauna. Mu biyu ne maza a wajen mahaifinmu, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Ni aka kai ni sangaya, wato makarantar allo, gaban wani goni, gwanin Alƙur'ani, na yi babbaƙu, na yi farfaru, na sauke, sannan na zauna koyon rubutu har hannuna ya faɗa. Da alƙalami da tawada na ci abinci duk rayuwata. Shi kuwa ƙanena boko aka sa shi, ya ƙare yana koyar da kwamfuta a wata makarantar koyon sana'a. Ba mu taɓa yin faɗa ba, amma kowa yana yi wa aikin ɗan'uwansa kallon abin tausayi.

Wata rana ya zo gidana a unguwar Dala ta nan Yerwa da ƙunshin farar takarda. Ya ce in rubuta masa kowane baƙi na ajami, babba, a takardarsa shi kaɗai, da yadda yake a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Ya ce wasa zai haɗa a kwamfuta saboda ɗalibansa, manya da gemunsu, waɗanda ba sa iya karanta wasiƙar da kakanninsu suka bari. Baƙi zai fito, murya ta kira sunansa, mutum ya zaɓa. Na ce masa haruffan da aka rubuta Littafin Allah da su ba abin wasa ba ne. Ya ce ba aya zai sa ba, baƙaƙe ne kawai. Na rubuta masa, ina yi ina mita, don ƙanena ne kuma ba ya gajiya da dawowa. Muka yi wata uku a haka. Muryar kuwa tasa ce, shi ya ɗauki kansa da kansa.

Da ya gama sai ya zo da buƙata ta ƙarshe. Mu marubuta idan mun kammala littafi muna rufe shi da shafi guda: an gama da godiyar Allah, wane ne ya rubuta, Allah ya gafarta masa da iyayensa da wanda ya karanta. Irin wannan shafin yake so in rubuta, ya fito idan mutum ya kai ƙarshen wasan. A nan na tsaya. Na ce ba a rufe wasa da abin da ake rufe littafi. Ya yi dariya yana naɗe hannun rigarsa.

"Na bar maka gurbinsa, Yaya. Ranar da ka huce."

Ban huce ba. Sau da yawa ya ce in zo in zauna in gwada ko sau ɗaya, ina cewa sai wani jiƙon. Ciwo ya kama shi, na kwana kaɗan, Allah ya karɓi abinsa.

Kwamfutarsa tana ɗakinsa a tsohon gidanmu na cikin gari, an lulluɓe ta da zane. Shekarar da ruwa ya shigo gari, ya shiga ɗakin har ƙugu. Bayan ya janye na je ina kwashe abin da ya saura, sai na sami akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa. A ciki takarduna ne, waɗanda na rubuta masa, a jere yadda na ba shi su, ya sa kwali sama da ƙasa ya ɗaure da igiya kamar yadda muke yi wa littafi mai daraja. Tawadarmu ba ta jure ruwa. Duk sun wanke, sai toka-toka. Na zauna a kan akwatin na daɗe. Abin da na rubuta ina mita, shi ya adana shi kamar gado. A ranar na ce a raina sai na zauna gaban wasan nan na yi shi daga farko har ƙarshe, yadda ya so in yi yana raye.

'Yata ta fari ita ce ta ɗauki nauyin abin. Tana aiki a wani ofishi a GRA, matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, kuma a hannun kawun nata ta fara taɓa kwamfuta. Ta kai gawar na'urar wajen wani mai gyara a kasuwa. Mutumin ya iya aikinsa, ba zan rage masa ba. Ya ciro ma'ajiyar da ke ciki, ya busar, ya lallaɓa ta har ya kwashe abin da ke cikinta ya zuba a filash. Da aka ce ya gama, na ce da ni za a je.

Shagonsa ƙarami ne, ya cika da wayoyi da ƙaurin dalma. Ya ba ni kujerarsa, ya yi mini bayani a hankali irin wanda ake yi wa tsoho. Ya ce kowace kwamfuta tana da tsarin da ke tafiyar da ita, kuma wasan ƙanena an gina shi ne don wani tsohon tsari, irin wanda aka saba gani a ofisoshi a da. Ita kuwa kwamfutar 'yata wani tsari ne daban a kanta, na kyauta, wanda ta sa saboda na'urar ta tsufa kuma shi ba shi da nauyi. Ya ce abin da aka yi don wancan ba ya tashi a wannan. Ko a tasa ma, mai tsarin da ya fi kusa, ya gwada, baƙar taga ta buɗe ta rufe. Sai dai a goge na 'yata gaba ɗaya a nemo tsohon tsarin a ɗora, shi ma ba tabbas.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji shi. "Ba don wannan aka yi shi ba. Akwai irinsa a waya, kala-kala, sai in saukar wa jikoki."

Na ce masa ba jikoki ke so ba, ni ke so. Ya dubi 'yata, ta kawar da kai.

"Ɗana," na ce, "baƙaƙen da ke cikin wasan nan ma ba don bakinmu aka yi su ba. Na Larabawa ne. Kakanninmu suka zauna da su har suka yi Hausa, suka yi Barbarci. Ba su ce a goge mana harshe a ɗora wani ba. Ba ni abina."

Ya miƙo filash ɗin da hannu biyu. Na san bayan fitarmu ya yi dariya, kuma ban ga laifinsa ba.

A cikin keke, muna komawa Dala, 'yata ta ce ta yarda a goge tata ɗin. Za ta kwashe abin da za ta iya kwashewa, sauran ta haƙura. Na tambaye ta me ke ciki. Ta ce ayyukanta ne na shekaru, da karatun da take yi ta intanet wanda ba ta gama ba. Na ce a'a. A sangaya ba a wanke allon ɗalibi sai ya riƙe abin da ke kai, balle a wanke don wani ya rubuta nasa. Wasan zai tashi a kan abin da muke da shi, ko kuwa mu ci gaba da nema.

Ta ce to ai muryar tana nan a gutsure, za ta iya kunna mini ɗaya-ɗaya ba sai wasan ya tashi ba. Kafin in amsa, da muka isa gida, ta danna ɗaya. Sai na ji ƙanena ya ce, "Madalla." Haka kawai, ban yi komai ba aka ce mini madalla. Na ce ta kashe, kada ta ƙara. Ba na son muryarsa yanka-yanka kamar nama a faranti. Idan zai ce mini madalla, to in kasance na yi abin da ya cancanta.

Ta yi bincikenta ta gano akwai wata manhaja da ke tsayawa tsakani, ta ce kamar tafinta: wasan ya yi magana da yaren tsohon tsari, ita ta juya wa sabon. Ta sauke ta. Ranar Asabar da hantsi ta zo, muka shimfiɗa tabarma a zaure, ta danna. Baƙar taga ta buɗe, fararen rubutu suka gilma, ta rufe. Ta sauya wani abu ta sake. Haka dai. Asabar uku muna wannan.

Ina da aboki, Babarbare mai wankin hula, tun muna samari muke tare, kuma tun lokacin bai taɓa kirana da sunana ba sai Afuno, wato Bahaushe. Kullum yana zauren nan. Ya sami abin yi. Duk wanda ya shigo sai ya gaya masa cewa malam ya ajiye alƙalami ya koma wasan gem da furfurarsa. Idan tagar ta rufe sai ya ce, "Afuno, ko na'ura ta san taurin kanka, ta ƙi ka." Wasu daga cikin abokan karatuna suka ji, ɗaya har ya aiko mini da nasiha cewa shekaruna sun wuce wannan. Na aika masa da godiya, na ce ya sa ni a addu'a, Asabar mai zuwa ma ina nan a kai.

A Asabar ta huɗu 'yata ta gaji. Ta ce abin da ake dannawa don tayar da wasan ba komai ba ne illa ɗan fayil na umarni, rubutu ne zalla, layi-layi, yana gaya wa kwamfuta ɗauko wannan, kunna wancan. Tafintan yana karanta shi, amma duk abin da ya nema sai ya ce bai gani ba. Da na ji an ce rubutu ne sai na gyara zama. Na ce ta buɗe ta karanta mini da ƙarfi. Bokona ba ya kai ni ko'ina, amma kunnena lafiya lau.

Rabin abin Turanci ne na na'ura, ban gane ba. Amma sunayen da ƙanena ya raɗa wa abubuwa da Hausa ne. Na ji ɗakin alif, hoton alif, muryar alif. Layin ƙarshe kuma ya ambaci wani fayil mai suna ba guje, baƙin da ke bin alif. Na ce ta nemo shi ta buɗe. Shi ma haka: ɗakinsa, hotonsa, muryarsa, sannan a ƙasa sunan na gaba. Na ce ta buɗe na ukun. Kafin ta kai ƙasa na riga na san abin da za ta ce.

Littattafanmu na nan Borno ba a ɗinke su. Warwara suke, takarda-takarda, a cikin gafaka, kuma babu lamba a jikinsu. Abin da ke riƙe da su shi ne kalma guda da marubuci ke sawa a can ƙasan shafi, ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye. Ina ɗan shekara goma sha biyar na taɓa sakin gafakar goninmu, iska ta watsa takardun a tsakar gida. Bai doke ni ba. Ya ce in zauna in bi kalmar ƙasa, kowace ta kai ni ga 'yar'uwarta. Kwana biyu na yi. Ƙanena ya sha jin wannan labari a bakina, ya kuma sha ganina ina sa kalmar a ƙasan shafi. Ashe haka ya gina wasansa, kowane baƙi da ɗakinsa, kowane ɗaki yana kiran na gaba.

Na ce ta nuna mini yadda abubuwan suke a filash ɗin. Sai ga shi mai gyara ya yi mana gwaninta: ya tara hotuna duka wuri ɗaya, muryoyi wuri ɗaya, fayilolin umarni wuri ɗaya, tsaf-tsaf. Kamar wanda ya tsinci takardun littafi a watse ya jera su bisa girma. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya rushe ɗakunan. Umarni yana cewa shiga ɗakin alif ka ɗauko, alhali babu ɗakin. Ba a tsarinmu kaɗai ba, ko a nasa ma dole ya ƙi tashi.

'Yata ta riƙe baki. Ta ce wannan aikin kwana nawa ne, fayilolin sun fi ɗari. Na ce na taɓa yin wanda ya fi shi da yunwa a cikina.

Na fere alƙalami, na dama tawada. Kowane fayil na ba shi takarda guda. Tana karantawa ina rubuta sunayen da ajami, ɗaki da abin da ke cikinsa, a ƙasa in sa sunan na gaba. Idan mun gama sai in karanta mata nawa tana bin nata da ido, kamar yadda ake yi wa kowane kwafi kafin a yarda da shi. Wannan maimaicin ya dame ta. Ta ce, Baba, ai ina gani a gabana. Na ce ido yana tsallake, shi ya sa aka yi kunne. A takarda ta goma sha wani abu kuwa muka tarar ta tsallake layi guda cur. Ba ta ƙara gardama ba. Na jera takardun a tabarma har suka kai bakin ƙofa, abokina yana ɗage ƙafa yana cewa na mayar da zaure kasuwar takarda. Ita kuma tana bin jerin tana gina ɗakunan a kwamfuta, tana mayar da kowane hoto da kowace murya mazauninsu. Na hana ta sauraron ko ɗaya. Asabar biyu da Lahadi ɗaya muka yi.

Ranar da ta danna tagar ba ta rufe ba, bayan la'asar ne. Allon ya yi fari. Alif ya sauko daga sama, nawa, da hannuna na wancan lokaci da bai fara rawa ba. Ƙanena ya ce, "Alif." Abokina ya cire hularsa ya riƙe.

'Yata ta ɗora hannuna a kan abin da ake nunawa da shi. Na san baƙaƙen nan tun kafin a haifi ƙanena, amma hannuna bai san na'ura ba. Aka ce lam jaye, na nufi lam jaye, kibiyar ta zame ta faɗa kan ha kuri. Sai muryar ta ce, "Haba dai. Sake dubawa, ba gudu ake ba." Da irin muryar da yake tsokanata da ita. Abokina ya fashe da dariya har da tari, ya ce, "Shekara sittin kana rubutu, Afuno, yau ƙanenka ya kama ka." Na sake, na samu. Ya ce madalla. Wannan karon na karɓa.

Na wuce babbaƙu, na shiga farfaru, na gama. Ina jiran in ga abin da zai biyo baya sai allon ya tsaya, baƙar tagar ta dawo da layi ɗaya. 'Yata ta karanta: ana neman wani hoto ba a gani ba. Ta duba takarduna, ta duba filash, ta ce tabbas mai gyara ya ɓatar da shi ko ruwa ya ci, gobe za ta koma wajensa. Na tambaye ta sunan hoton. Ta ce, shafin Yaya. Ta ce ta lura babu shi tun muna jeri, ta yi shiru tana zaton ba shi da muhimmanci.

Na ce kada ta je ko'ina. Babu wanda ya ɓatar da shi. Ba a taɓa rubuta shi ba.

Na gaya musu yadda muka yi da ƙanena. Abokina ya mayar da hularsa, ya ce to yanzu fa, ai kai ka ce ba a rufe wasa da abin da ake rufe littafi, kuma malamin da ya yi maka nasiha yana nan da kunnuwansa. Na ce ni na faɗa, ni kuma na janye. Abin da ya koya wa mutum baƙi ya kai shi ga karatu, ban ga dalilin da zai hana a roƙa wa mai shi gafara a ƙarshensa ba. Wanda yake da ja ya zo zauren nan ya same ni.

Washegari da safe na yi alwala, na zaɓi takarda mai kyau cikin waɗanda nake ɓoyo. Hannuna yana rawa yanzu, sai da na ɓata biyu. A ta ukun na rubuta cewa an gama da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Na rubuta sunan ƙanena da na mahaifinmu, na ce shi ya gina wannan aiki. Na ce wanda ya rubuta baƙaƙen yayansa ne, wanda aka roƙa ya yi jinkiri. Na roƙi Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya gafarta wa iyayenmu da duk wanda ya koyi ko da baƙi ɗaya a nan. Na sa wasulla da jar tawada, na ja masa ƙaramar zayyana a gefe.

'Yata ta ɗauki hotonsa da wayarta, ta sa masa sunan da ake nema, ta ajiye shi a ɗakin ƙarshe. Ta ce za ta iya tsallakar da ni kai tsaye zuwa wurin. Na ce daga alif za mu fara.

Na yi kuskure sau huɗu a hanya, sau huɗu yana ce mini ba gudu ake ba. Da na amsa na ƙarshe, allon bai yi baƙi ba. Shafina ya fito, tawadar ɗazu-ɗazu, ya cika fuskar kwamfutar. Na fara karanta shi a raina. Akwai murya guda da muka mayar ɗakin nan ba tare da mun saurara ba, na ma manta da ita. An bar ɗan lokaci, daidai yadda mutum zai karanta shafi a natse. Ina kai ƙarshen addu'ar sai ƙanena ya ce, "Amin."

'Yata ta tashi ta shiga cikin gida. Ni da abokina muka zauna har allon ya dushe da kansa.

Bayan kwana biyu na sa 'yata ta kai ni kasuwa da kwamfutar, ita ɗin dai, da tsarinta na kyauta da ayyukanta ba a taɓa ko ɗaya ba. Na ajiye ta a kan teburin mai gyara na ce ya zauna ya yi. Ya kai wajen baƙin nan ɗa mai hannu ya faɗi, aka ce masa ya sake dubawa. Ya tambaye ni yadda muka yi, na zaro takarduna daga gafaka na nuna masa kalmar ƙasan shafi. Ya juya su, ya ce shi bai iya karanta wannan ba. Na ce ai ga malami nan a gabanka, ka ci gaba daga inda ka tsaya.